Ƙara wa a-kori-kura kayan lantarki da hannunka: tambayoyi da amsoshi ga sabon shiga

Mai a-kori-kura ba ya rabuwa da ƙare-ƙare. Yau fitilar saman kai don tafiyar dare, gobe fitilar baya don lodi, jibi kyamara ko ƙaramin firji ko wurin cajin waya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan zuwa mini daga masu son yin aikin da kansu. Ni ba mai wayarin ba ne na sana'a. A kan tsohuwar Hilux ɗina na koya, kuma sai da na ƙona waya kafin na yi hankali.

Ban taɓa kama wayar mota ba. Zan iya, ko in kai wa mai wayarin kawai?

Za ka iya, muddin ka fara da ƙaramin abu. Fitila ɗaya a bayan mota, ko soket na cajin waya, aikin yini guda ne ga wanda bai taɓa yi ba. Abin da ke sauƙaƙa shi kuwa shi ne ka bar wayoyin da kamfani ya shimfiɗa yadda ka same su, ka ja naka layin daban tun daga batir: fiyus naka, waya taka, makunni naka. In ka yi kuskure, naka ne ya lalace, motar za ta tashi ta kai ka gida.

Winci, batir na biyu, babbar inbata da na'urar hana sata mai katse injin, waɗannan ka bar wa mai wayarin da ka yarda da aikinsa, ka tsaya a kansa kana kallo. Kallon nan ma karatu ne.

Wutar mota tana jan mutum?

Bolt 12 na batirin mota ba ya jan mutum, ko ka dafa kawunan batir biyu da hannu. Haɗarin a wani wuri yake. Batirin da ke juya injin yana iya sako ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, a lokaci guda in ya samu gajeriyar hanya. In sifana ta haɗa kan fasitif, mai alamar tarawa, da jikin mota, nan take za ta yi tartsatsi ta yi zafin da ba ka iya riƙewa. Zoben azurfa a yatsa ya fi wannan muni, don ba ya jefuwa. Cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka buɗe bonet.

Kafin kowane aiki, kashe mota, zare makulli, ka kwance kan batir na negetif, mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalili: jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da negetif, saboda haka in sifanarka ta taɓa bodi kana kwance shi, babu abin da zai faru. Da zarar ya fita, fasitif ma ya zama ba shi da hanyar komawa.

Daga ina zan ɗebo wuta?

Ya danganta da abin da kake so ya faru in ka kashe mota.

Kan batir na fasitif yana da wuta dare da rana. Daga nan ake ɗaukar duk abu mai cin wuta sosai. Akwatin fiyus na cikin mota kuma yana da layukan da ba sa kawo wuta sai an murɗa makulli, irin na rediyo da na soket ɗin sigari. Nan ya dace da ƙananan abubuwa kamar kyamarar gaba, waɗanda kake so su mutu tare da mota. Akwai wani ɗan abu da ake sayarwa mai ƙafafu irin na fiyus, da ramin fiyus biyu a jikinsa da guntun waya. Ka zare fiyus na asali ka soka shi a wurin, na asalin ya koma ramin ƙasa, sabon ya shiga na sama. Ba yanka, ba fere waya. Sai dai ƙafafun fiyus kala-kala ne, akwai manya da ƙanana da gajeru, don haka zare ɗaya daga motarka ka tafi da shi kasuwa a gwada. Kada ka ɗora wa wannan hanya abin da ya wuce amfiya 5 ko makamancin haka, kuma kada ka ɗeba daga fiyus na birki, na jakar iskar da ke kumbura in an yi karo, ko na kwamfutar injin.

In kayan da za ka ƙara sun kai uku ko huɗu, sayi ƙaramin akwatin fiyus mai rami shida. Waya ɗaya mai kauri ta taho daga batir da babban fiyus a kanta, kowane kaya ya ɗauki raminsa. Kan batirin da aka cusa wa wayoyi bakwai kamar gashin da ba a taje ba, wata rana sai ɗaya ta kwance.

Fitilar da na saya ƙarama ce. Dole ne sai na sa fiyus?

Dole ne, kuma a nan zan daɗe.

Yawancin sababbin shiga suna ɗauka fiyus na'urar yake karewa. Waya yake karewa. Ƙanƙantar fitilarka ba ta da wani tasiri a ranar da robar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, domin a ranar wutar ba ta isa fitilar ba ma. Daga batir take fitowa ta faɗa bodi, da iyakar ƙarfin da batir yake da shi, wayar ta koma kamar ƙarfen hita. In da fiyus, zai tsinke cikin ƙiftawar ido. In babu, wayar ce za ta zama fiyus ɗin, ta narke tun daga farko har ƙarshe, ta kama duk abin da ke kusa da ita.

Ni ganau ne. Fitilar lodi na sa a baya, na jawo waya daga batir, na ce fiyus sai na shiga gari. Wata uku ban shiga gari da wannan niyyar ba. Ranar wata kasuwar ƙauye, ina dawowa da buhunan masara a hanya mai gargada, sai na ji ƙaurin roba. Kafin in gangara gefe hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Na buɗe bonet, jar wayar nan ta zama baƙa, robarta tana ɗiga kamar kitse a wuta. Allah ya sa sifana mai lamba 10 tana aljihun ƙofa, na kwance kan batir hannuna na rawa. Da na bi layin daga baya, sai na ga inda ta ratsa wani rami a bangon da ke tsakanin injin da ɗakin direba, bakin ƙarfen ya yi ta cin ta a hankali har ya kai ga jan ƙarfen. Wayoyin mota biyu da ke maƙwabtaka da ita su ma sun narke. Abin da na biya mai wayarin ya sayi fiyus cike da kwano.

Wurin da za ka sa shi yana da muhimmanci kamar sa shi ɗin. A kusa da batir yake zama, cikin tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kamar santimita 20. Duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaro. Wanda ya sa fiyus a can baya kusa da fitila ya bar mita biyar na waya a sake.

To fiyus mai lamba nawa?

Lissafin ba wuya. Raba wat ɗin na'urar da 12, ka samu amfiyar da take ja. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10. Sai ka ɗauki fiyus da ya ɗara haka kaɗan, wato 15, ka kuma tabbatar wayar tana iya ɗaukar fiye da 15 ɗin. Kullum fiyus ya zama shi ne mafi rauni a layin, don shi ake so ya fara mutuwa.

Launinsu yana faɗin lambarsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai 25, kore 30. Fitilun LED na kasuwa sau da yawa ba sa jan abin da aka rubuta a kwalinsu, lambar ta fi aikin girma, saboda haka in kana da mitar auna wuta ka auna da kanka.

Fiyus ya tsinke, ka sa sabo ya sake tsinkewa, to akwai inda waya ke taɓa bodi. Kada ka ƙara lamba. Kada kuma ka naɗa masa silin waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli kamar yadda ake yi a tasha. Wannan cire fiyus ne da wani suna.

Wane kaurin waya zan saya?

Abu biyu ake dubawa, yawan amfiya da nisan tafiya. A gajeren layi, waya mai murabba'in milimita 1.5 tana ɗaukar wajen amfiya 10 zuwa 15, mai 2.5 wajen 20, mai 4 wajen 30. Amma a-kori-kura doguwa ce. Daga batir zuwa ƙofar baya, in ka bi kwana-kwanar shasi, za ka ci mita shida ko fiye. Amfiya 10 a waya mai 1.5, mita shida zuwa da shida dawowa, tana zubar da kusan bolt ɗaya da rabi a hanya. A wutar gida mai bolt 230 wannan ba komai ba ne, a 12 kuwa asara ce babba: fitila ta dushe, firji ya riƙa kashe kansa yana zaton batir ya yi sanyi. In ka sa mai milimita 4, asarar ta dawo wajen rabin bolt. Duk abin da za shi baya, ƙara masa kauri mataki ɗaya ko biyu.

Kuma wayar mota ake saya, mai silli-silli da yawa a ciki. Wayar gini mai ƙarfe ɗaya sandararre ba ta jure girgiza, karyewa take yi a cikin robarta inda ido ba ya gani.

An ce akwai wayar jabu. Yaya zan gane ta?

Akwai, kuma ta cika kasuwa. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido ba ka bambancewa, amma ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe na gaske, tana saurin karyewa, in ta sha ruwa kuma ta zama gari. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikin ya fito fari, ita ce. Ko ka kanga masa ashana, na jabu zai lanƙwashe ya zube, na gaske zai yi ja ya tsaya. A hannu ma ta fi sauƙin nauyi. Wata dabarar kuma ita ce a kumbura roba a rage ƙarfen ciki, don haka bakin wayar za ka duba, kada kaurin waje ya ruɗe ka. Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano ko a Panteka a Kaduna, ce wa mai shago, "Alhaji, a yanko mini ɗan guntu in gani." Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan.

Mene ne rile, kuma me ya sa kowa ke cewa in sa?

Rile makunni ne da wuta ke dannawa maimakon yatsa. Amfaninsa, babbar wuta ta tsaya a wajen injin, ta bi gajeriyar hanya daga batir zuwa fitila, abin da zai shigo ɗakin direba kuwa siririyar waya ce mai ɗauke da abin da bai kai rubu'in amfiya ba. Ƙananan makunnan da ake liƙawa a gaban mota ba sa jure amfiya 15 na dogon lokaci, za ka ji sun yi ɗumi, wata rana su narke.

Juya rile ka duba ƙasansa, akwai lambobi kusa da ƙafafun. Tsarin Jamusawa ne, kuma kusan kowane kamfani shi yake bi. Ƙafa 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus. Ƙafa 87 ita ke kai wa fitila. Ƙafa 86 tana zuwa makunninka, 85 kuma jikin mota. In mai ƙafa biyar ne za ka ga 87a a tsakiya, wadda ke da wuta lokacin da rile yake kashe. A aikin fitila ba ka bukatarta, rufe ta kada ta taɓa komai.

Ga wata dabara da za ta cece ka daga turin mota: wutar da ke zuwa makunnin, ɗebo ta daga layin da ke mutuwa in an zare makulli. Ko ka manta fitila a kunne, da ka kashe mota ta mutu. In ka ɗaure rile a wajen injin, ƙafafunsa su kalli ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Wayar negetif fa, ko'ina a jikin mota zan ɗaura ta?

Wannan ita masu wayarin ke kira at, kuma rabin matsalolin da ake ɗora wa na'ura daga nan suke. Ƙarfe tsirara take so. Nemi noti mai kauri da ke ɗaure a bodi ko shasi, kankare fenti da tsatsa har wurin ya yi ƙyalli, sa wa wayar kai mai zobe, ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a sama saboda damina. Kaurinta ya zama daidai da na fasitif, don duk wutar da ta tafi ta nan za ta dawo.

A-kori-kura tana da wani hali da ƙananan motoci ba su da shi. Akwatin baya daban yake da ɗakin direba, kowanne a zaune yake kan shasi, tsakaninsu akwai roba ko fenti ko tsatsar shekaru. Fitilar da aka ɗaura wa at a jikin akwatin baya takan yi ta ƙyafta ido a kan gargada. Kai at ɗin kan shasi, ko ka ja waya ta biyu ta koma gaba.

Ta ina zan bi da waya?

Daga injin zuwa ɗakin direba, nemi robar da wayoyin kamfani suka ratsa ta cikinta, ka huda gefenta a hankali ka zura taka. In dole sai ka huda sabon rami, leƙa bayan wurin tukuna, sannan ka sa wa ramin zoben roba. Labarina na sama ya isa hujja.

A ƙarƙashin mota, bi gefen shasi inda wayoyin asali suka bi. Zura wayar cikin bututun roba mai tsaga, ka ɗaure duk bayan taƙi biyu. Nisanci salansa, da sandar sitiyari, da duk abin da ke juyawa ko motsi. Kada ka ɗaure a jikin bututun mai ko na birki. Tsakanin ɗakin direba da akwatin baya ka bar ɗan sassauci, domin in mota ta ɗauki kaya ta hau gargada, kowannensu murɗawarsa daban.

In murɗa wayoyi biyu in naɗe da salatif bai isa ba?

Na kwana biyu ne. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ga na injin a kai, yana narkar da gam ɗin salatif ya warware, ƙura ta shiga, ruwa ya biyo baya. Sayi kawunan waya da filayar matse su, ka matse, ka ja da ƙarfi ka ga ko zai zare. Sannan ka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta. Dalma ma tana yi, sai dai inda ta ƙare wayar takan sandare, girgiza ta karya ta a nan, don haka a ɗaure wurin kada ya yi lilo.

Zan iya soka inbata a soket ɗin sigari?

Ƙarama, e. Yawancin soket ɗin wat 120 aka yi su ɗauka, sau da yawa ma a rubuce yake a murfin. Cajin kwamfutar hannu zai yi. Inbata mai wat 1000 kuwa tana jan sama da amfiya 90 in an cika mata kaya, wato tana son waya mai kaurin ɗan yatsa kai tsaye daga batir, da babban fiyus nata, injin kuma yana aiki.

Tun da na sa kayan nan batir ke mutuwa da safe. Me ya faru?

Ɗaya cikin biyu ne. Ko dai kana amfani da su injin a kashe, ko wani abu yana shan wuta a ɓoye.

Na farko lissafi ne. Batir mai amfiya-awa 70, fitila mai jan 10 ta yi awa uku ana lodi, ta cinye 30, kusan rabi ke nan. Batirin tayar da mota kuma ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, in ana yi ba ya daɗewa. Mai son firji ya kwana a kunne, batir na biyu zai sa, da na'urar da ke raba su in an kashe injin.

Na biyu sai da mita. Kashe komai, rufe ƙofofi, cire kan negetif, ka sa mitar a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Jira mintuna, don motocin zamani ba sa yin barci nan take. Abin da bai wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05, daidai ne. In ya zarce sosai, zare fiyus ɗin kayanka ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Kada ka kuskura ka tayar da mota mitar tana haɗe haka. Ka kuma auna batirin kansa: cikakke yana nuna wajen 12.6 in mota na kashe, in injin na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4 a yawancin motoci.

Motata sabuwar yayi ce mai kwamfuta. Akwai bambanci?

Sosai. Tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, kowace waya wuta take kaiwa, fitilar gwaji ta ishe ka. Motocin yanzu, da 'yan Kwatano irin Tacoma da Tundra da aka yi wa kasuwar Amurka, wasu wayoyinsu saƙo suke ɗauka tsakanin kwamfutoci. In ka ga sirara biyu a murɗe da juna kamar igiya, kada ka fere su, kada ka soka musu fitilar gwaji. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, ba ruwanka da shi. Wasu kuma suna da 'yar na'ura a kan negetif na batir mai ƙidaya wutar da ke shiga da fita. A irin waɗannan, at ɗinka a jikin mota za ka ɗaura, ba a kan batir ba, don wutar ta bi ta cikin na'urar a ƙidaya ta. In motar tana cikin garanti, tambayi inda ka saya kafin ka taɓa komai.

Na gama haɗawa, bai kama ba. Daga ina zan fara?

Daga batir, ka bi wutar taki-taki. Baƙar wayar mita a jikin mota, ja a hannunka. Akwai 12 kafin fiyus? Bayansa fa? A ƙafa 30? Danna makunni ka saurara, rile mai lafiya yana yin ƙas. In bai yi ba, matsalar tana wajen 85 da 86 ko makunnin. In ya yi amma babu wuta a 87, rile ne ya mutu ko ka sa waya a 87a. Wuta ta isa har bakin fitila amma shiru, to at ne, ko ka juya wayoyin, don LED ba ya kamawa in an sa masa fasitif a wurin negetif.

Fitilar saman kai, zan iya kunna ta a kan titi?

Ta daji ce da hanyar gona. A kan kwalta tana makantar da mai tahowa, shi kuma a makance kanka zai yiwo. Jami'an kiyaye haɗurra ma suna iya tsayar da kai a kanta. Ka haɗa ta yadda ba za ta kama ba sai babbar fitila tana kunne, in ka sauke wa mai tahowa ita ma ta mutu tare. A tsofaffin motoci ana ɗebo wutar makunnin ne daga layin babbar fitilar, amma ka auna tukuna, domin a Toyota da yawa ta ɓangaren negetif ake kunna fitilun gaba, wanda ke sa rile ya yi aiki a juye in an haɗa shi yadda aka saba. In ka ga haka, ɗauki 85 da 86 duka biyu daga wayoyin babbar fitilar a bayan ƙwan, maimakon ka kai 85 jikin mota.